Ranar da Kwamfutata Ta Yi wa Kawu Rashin Kunya

Shekarun baya, ina shekarar ƙarshe a jami'a, duk aikin binciken da zan kare gaban malamai yana cikin kwamfutata, kuma ba ni da kwafinsa a ko'ina. Ko ƙanena ban yarda ya jingina kusa da ita ba.

Wata Asabar sai ga kawuna, ƙanen mahaifiyata, tela ne a unguwar Banifandou, ya zo gidanmu da kile ɗinsa, ƴar sandar nan ta adana hotuna. Zanen surfani ne cike a ciki, yana so ya gan su a babban allo. Wannan kile kuwa babu rumfar tura waƙa a kasuwar Katako da bai shiga ba.

Ina soka shi kwamfuta ta yi ƙara, saƙo ya fito: tsaron da aka ƙera ta da shi ya kama wani abu mai cutarwa, ya killace shi.

"Me ta ce?" in ji Kawu.

"Kawu, wai akwai birus a ciki, wato ƙwayar cuta."

"Birus? Ni? Ni da nake wanka safe da yamma?"

Na ce ba shi ake nufi ba, kile ɗin ne. Ya ce ai a aljihunsa kile ɗin yake kwana. Ya ɗaga murya ya kira mahaifiyata: "Yaya, zo ki ji kwamfutar ɗanki tana zagina."

Inna ta fito da ludayi a hannu, ko allon ba ta kalla ba ta yanke hukunci: "A gidan nan ba a binciken baƙo. Kashe abin nan kawunka ya ga kayansa."

Wallahi hannuna har ya kai wurin kashewa, don ni ba jarumi ba ne gaban Inna. Sai na tuna aikina. Na sunkuyar da kai na ce ba zan iya ba, amma ga zanensa nan lafiya lau, mugun kaɗai aka cire. Kawu ya ƙi ko kallo. Ya fizge kile, ya ce yana da wani irinsa a shago, zai kai wa abokinsa mai hoto a unguwar Dar es Salam, wanda injinsa ya san girman mutane.

Lalle ya san girman mutane, don tuni mai hoton ya kashe tsaronsa, wai yana hana shi sa fina-finai. Suna soka kile na biyun, hotunan bukukuwan mutane suka ɓace daga allo. An ce har ƙofar shago iyayen wata amarya suka biyo Kawu.

Bai taɓa ba ni haƙuri ba, kawu ba ya ba ɗa haƙuri. Ana gobe zan kare aikina ya aiko mini da riga mai surfani, ya ce a faɗa mini zanen daga kilen da kwamfutata ta wanke ya fito. Na sa ta, na ci jarrabawa, kuma har yau in na ga rigar sai raina ya yi sanyi.

Tun lokacin ban sake jin haushin saƙon gargaɗi ba, kowa ya kawo mini kile sai an duba shi. Kawu ma in ya zo, daga bakin ƙofa yake miƙo nasa: "Ungo, kai wa marar kunyar nan ta fara shinshinawa."