Gaba a Bakin Inji Bayan Zaɓe

Na sha wahala a aikin fata, amma ban taɓa shan irin ta makon da ya biyo bayan zaɓen nan da ya raba gari biyu ba. Wari na saba da shi, ciwon baya ma haka. Abin da ban saba da shi ba shi ne in wuni da mutum a kan inji ɗaya bai ce mini ci kanka ba. Har in koma ga Allah ba zan manta da makon nan ba.

A wani kamfanin jima nake aiki a Challawa. Injinmu na kankare nama ne daga jikin fatar shanu, kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne. Fata in ta sha ruwa nauyi gare ta, ga santsi. Ɗaya ya kama nan, ɗaya ya kama can, wannan ya ce "ɗaga", wancan ya ce "saki". In ba magana, ko fata ta yage, ko inji ya ja hannun wani. Abokin aikina mutumin Panshekara ne, ya ɗan girme ni, a kan injin nan muka yi furfura tare.

Da zaɓe ya zo, shi yana can, ni ina nan. Kullum a rumfar cin abinci muke musu, an haɗa kwanuka ana ci ana zagin 'yan takarar juna. Aka faɗi sakamako, nawa ya ci, nasa ya sha ƙasa.

Ranar da aka koma aiki, 'yan ɓangarenmu suka shimfiɗa tabarma a bakin ƙofa kamar zaman makoki. Duk wanda nasa ya faɗi in ya iso sai su miƙe: "Ya haƙuri, Malam? Ashe rai ya yi halinsa?" Mutumina ya iso aka yi masa. Ni dariya kawai na yi, kuma ko yau aka maimaita sai na yi. Ya dube ni, ya wuce. Daga nan ya kulle baki.

Ya ɗauke kwanonsa, shi da 'yan ɓangarensa suka koma cin abinci gefen ɗakin janareto, rediyo a kunne, suna ta cewa murɗiya aka yi, kotu za ta ƙwato musu. A kan inji kuwa da ka yake mini magana. To ni idona na kan fata, ina zan ga kansa? Muka yaga fata, muka ƙara yagawa. Oganmu ya kira ni ya ce, "In kuka sake ɓata mini kaya zan raba ku. Kai ka zauna, shi ya koma ramin jiƙo."

Nan hankalina ya tashi. Ramin jiƙo wurin magani ne mai shaƙe mutum, shi kuwa ciwon ƙirji gare shi. Ba zai yi wata a can ba zai ajiye aiki, ga iyali cike da gida. Na gaya masa, ya taɓe baki. Na haɗa shi da limamin masallacin kamfani, ya ce shi ba gaba yake ba, ai yana amsa mini sallama. Gaskiya ne kuma, sallamar kaɗai yake amsawa.

Akwai wani Badamagare a wurin shanyar fata. Wanda bai sani ba, tsakanin Kanawa da Damagarawa wasa ne tun kakanni. Ya zage ka ba ka fushi, amma kuma abin kunya ne ka bar shi ya tafi ba ka rama ba. Shi ko ƙuri'a ba shi da ita a ƙasar nan. Ran nan da rana sai ya ɗebo abinci a rumfarmu, ya je gefen janareto ya ɗebo nasu, ya zauna a tsakiya ya miƙe ƙafa.

"Allah ya ƙara raba kan bayina," in ji shi. "Da kwano ɗaya nake ci, yau biyu."

Ba wanda ya kula shi. Sai ya nuna mutumina da cokali.

"Kai tsoho, na ji za a kai ka rami. To ni zan hau injin. Dama Bakano bai iya fata ba, surutu kuka iya, shi ma ga shi an ƙwace maka."

Na ga mutumina yana haɗiyar magana. Can ya ajiye rediyo.

"Kai ɗin? Badamagare a injina? Ranar da ka zo garin nan fa da ka ji ƙarar inji gudu ka yi, ka bar takalmi!"

"Ƙarya ne, kawo shaida."

Mu biyu kaɗai muka rage cikin waɗanda suka ga abin. Mutumina ya waiwayo gare ni, ya ma manta yana fushi.

"Kai, don Allah gaya wa bawan nan! Ba a gabanka aka yi ba?"

Na ce, "Ƙafa ɗaya ya bari, Yaya. Ni na tsinta masa."

Wuri ya kaure da dariya, har 'yan janareto. Da muka koma inji ya ce "ɗaga" da ƙarfi kamar zai tsaga rufi, ya ƙara da cewa, "Amma dai murɗiya kuka yi." Na ce, "Saki, a je kotu." Haka muka yi ta yi har aka tashi, fata ko ɗaya ba ta yage ba.

Abin da na koya, wanda ya faɗi zaɓe ba wa'azi yake so ba, ba kuma lallashi ba. Ƙofa yake nema da zai dawo cikin mutane ba tare da ya ce ya yi kuskure ba. Ka bar masa musunsa, in dai bakinsa a buɗe yake. Har yau bai yarda an kayar da su ba, ni kuma na daina neman ya yarda.

Washegari da sassafe na tsaya a ƙofar ofis har oga ya iso. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a nemi wani a kai rami. Mu mun koma faɗanmu."