Abin da Na Lasa a Sabon Gari

Muna sallame sallar asuba muka hau motar fatu daga Bici, ni da wani maƙwabcinmu mai zuwa sarin goro. Shi ciniki ya fito, ni leƙen asiri aka aike ni. Ƙanena da ke karatu a jami'a can Kudu ya zo hutu ya maƙale a Kano, aka kawo wa Baba labari wai kullum ana ganinsa a Sabon Gari, yana shiga gidan giya, yana kuma hulɗa da masu garmaho, injin kiɗan faifai. Baba ya ce in je in gani da idona. In gaskiya ne, boko ya ƙare, gona zai dawo.

Hanya duk gargada, ga warin fatu har cikin maƙogwaro. A Dawanau aka sayar mana da ƙosan kwabo wanda na rantse na jiya ne aka sake soyawa. Maƙwabcin nawa sai tambaya yake me zan yi a birni. Na ce ziyara, don ban yarda da bakinsa ba, wataƙila ma shi ya kai gulmar.

Muka wuce Rijiyar Lemo, na sauka a Fagge gidan wani Alhaji Babarbare, tsohon abokin Baba, inda yaron ke kwana. Aka kawo mini burabusko da miyar kuka, na ci na yi nak, sannan na fara bugun ciki. Alhaji ya ce, "Yaron kirki ne, ba ya wasa da salla. Sai dai kullum rigarsa a jiƙe yake dawowa."

Da hantsi na shiga Sabon Gari. Layuka a miƙe, gidaje duk na kwano, Yarbawa da Ibo kowa na harkarsa, kiɗa na tashi tun rana ba ta yi tsaka ba. Na raɓe wajen mai gasa masara, ina ta jin kamar kowa ni yake kallo. Can sai ga mutumina ya fito ta ƙofar bayan wani otal, rungume da wani abu cikin buhu yana ɗiga, ga koriyar kwalba a hammata. Innalillahi! Na bi shi a baya, raina a ɓace, har shagon wani Bayarabe mai gyaran garmaho.

Na faɗa ciki ba sallama. Samari ne 'yan makarantarsu sun kewaye garmaho, amma ba faifai a kai, tasa ce cike da ruwa. Ƙanena ya ce, "Yaya, kai ne?" Ban amsa ba, na fizge kwalbar. Na shinshina, ba wari. Na ce ai shu'umai ne, sun san dabarar ɓoye shi. Na dangwala yatsa na lasa, ni da ban taɓa sanin ɗanɗanon giya ba balle in gane ta. Shagon ya kwashe da dariya. Ashe shuɗin maganin gyambo ne na asibiti suka tsarma.

Buhun kuwa ƙanƙara ce, kuma otal ɗin kaɗai ke sayar musu da ita. Wai malaminsu ne ya ba su aikin hutu, su haɗa abin da za a nuna wa sababbin ɗalibai yadda iska da ruwan teku ke tafiya. Suka sa gwangwanin ƙanƙara a tsakiyar tasar, suka ɗiga shuɗin. Ya nutse ya rarrafa ta ƙasa zuwa gefe. Bayaraben, wanda ya rage wa injin gudu, ya wana shi, tasa ta fara juyi a hankali, suka sake ɗigawa. Wannan karon shuɗin ya ƙi tafiya kai tsaye, ya dinga lanƙwasa yana naɗewa kamar hayaƙin murhu. Ƙanena ya ce ƙanƙarar ita ce ƙasashen sanyi, gefen tasa mu ne, juyin kuma na duniya ne, shi ya sa iska ba ta zuwa a miƙe. Ni dai teku a cikin tasar tuwo, har yanzu da sauran magana. Amma na ga yadda idonsa ke sheƙi, ban taɓa ganinsa haka a gona ba.

Kashegari na komo, bakina a rufe da rawani duk hanya, don sabulu ya kasa fitar da shuɗin. Baba na zaure yana jira.

"Yana shiga gidan giyar?"

"Yana shiga."

"Garmahon fa?"

"Akwai shi, Baba."

Ya sunkuyar da kai, ya ce to a ɗauko wa yaron fartanya. Na ga in na tsaya dogon bayani yaro ya halaka, sai na kwance rawani na zaro harshe. Baba ya zabura. Na ce, "Abin da ke cikin kwalbarsa ke nan, kuma duk Sabon Gari ni kaɗai na sha." Sannan ya saurari sauran, yana dariya har da tari. Da na gama ya ce, "Ya koma makarantarsa. Kai kuma kada ka je masallaci da wannan bakin."

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, duk abin da mai gulmar nan ya faɗa gaskiya ne, ƙofar shagon ce kawai bai shiga ba.