Auta, Wadda Ta Reni 'Ya'yanta da Hannunta

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi marigayiya, wadda kowa ya fi sani da Auta, a shekarar 1988, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan tashar mota. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuma tana aikin wanki a asibiti, ita ce ta biyar kuma ta ƙarshe a wurinsu. Ba ta taka ƙasa ba sai da ta haura shekara biyu, magana kuwa sai da ta kai huɗu, lokacin da likita ya shaida wa iyayenta cewa tana da jinkirin fahimta, kuma zuciyarta ba ta da ƙarfi. Daga ranar gidan ya shiga lallaɓa ta kamar ƙwai. Duk abin da ta ɗauka, kofi ne ko tsintsiya ko igiyar takalmi, kafin ta juya wani ya karɓe yana cewa kawo in yi miki. Tana shekara shida ta fara buga kanta da bango, har goshinta ya yi tabon da ta koma ga Mahaliccinta da shi.

Karatu

An saka ta firamare a 1996, ta maimaita aji uku sau biyu, sannan aka mayar da ita gida bayan ta fasa gilashin tagar aji da goshinta. Ta koma zama a shagon mahaifinta tana ware maɓallai, kowane launi da gwangwaninsa. Shi kuwa yakan gaya wa masu kawo ɗinki cewa ita ce mai shagon, shi yaronta ne kawai.

Aikin bincike

A shekarar 2011 wata likitar halayya, da ke aiki a cibiyar kula da matasa masu irin wannan larura, ta fara bincike a kan gyaran ɗabi'a ba tare da ƙwayoyi ba. Ta ƙudurta cewa matasan ba za su tsaya a matsayin waɗanda ake nazari a kansu ba, za a ɗauki wasu daga cikinsu su zama abokan bincike. Auta na cikin huɗun da aka zaɓa, duk da cewa makonnin farko a kujerar bakin ƙofa ta yi su.

Aikinsu shi ne su tace tambayoyin da za a yi wa 'yan'uwansu, su cire kalmomi masu nauyi, sannan su kalli bidiyon da aka ɗauka a gidaje, su ɗaga hannu idan sun ga abin da ya faru dab da tashin hankalin yaro da abin da ya biyo baya. Ba kullum take dacewa ba. Ta taɓa kafewa cewa jar riga ce ke sa wani saurayi ihu, ashe ciwon haƙori ne, abokan aikinta suka daɗe suna kiranta likitar riguna.

Wata rana a 2012 suna kallon wani yaro da ya gartsa wa hannunsa cizo bayan mahaifiyarsa ta karɓe masa cokali, sai Auta ta tashi ta fice, ta tsaya a baranda har aka tashi. Washegari ta sami likitar, idonta a ƙasa, ta ce, "Ni ma haka ne." Daga nan ƙungiyar masu binciken ta tsara wa iyaye wata hanya, wato a tambayi mutum kafin a taimaka masa, a kuma jira amsarsa.

Aure da haihuwar fari

A 2014 ta auri Dogo mai gyaran keke, wanda ke rako ƙaninsa cibiyar. Allah Ya ba su 'ya mace a 2016. Yaya, babbar yayar Auta, ma'aikaciyar jinya ce, ta tare a gidan domin taya ta reno, kuma da zarar jaririyar ta motsa sai ta riga uwar kai hannu. Ba a yi wata ba Auta ta buga kanta da bango har jini ya zuba, jaririyar na kwance a gefenta. Dangi suka zauna, ba don ƙiyayya ba sai don tsoro, suka yanke cewa Yaya ta tafi da yarinyar ta riƙe ta. Dogo bai iya musa wa manya ba. Auta ta ninke zannuwan goyo ta ajiye a ƙarƙashin matashin kanta, ta daina cin abinci sai an matsa mata.

Neman dawo da 'yarta

A ƙarshen shekarar Auta ta roƙi likitar da a yi mata abin da suke yi wa wasu. Da farko likitar ta so ta ƙi, domin ba a saba mai bincike ya zama abin bincike ba, amma ta amince da sharaɗin abokan aikin Auta ukun ne za su yi nazarin. Yaya ta yarda ta riƙa kawo yarinyar da rana, aka ɗora kyamara a saman kabad.

Da aka zauna kallo, har da Yaya, an ga cewa kukan jaririyar bai taɓa tayar wa Auta hankali ba, takan jijjiga ta cikin natsuwa. Hannuwan da ke shigowa su ɗauke ta ne ke tayar wa uwar hankali, hannuwan nan kuwa Yaya ta gane nata ne. An kuma ga abin da Auta ba ta so a gani ba, cewa ba ta iya auna maganin yara daidai, ta kuwa amsa cewa a nan tana buƙatar taimako.

Aka tsara cewa Yaya za ta zauna ta naɗe hannu sai an kira ta. Ita Auta idan ta ji abin yana taso mata, za ta kwantar da 'yar da kanta, ta je famfo ta sa hannuwanta a ruwa. Sau biyu abin ya dawo mata, sau biyun kuma aka sake farawa. Yaya takan ce naɗe hannun nan ya fi mata duk aikin asibiti wahala. A damanar 2017 ta kawo yarinyar da jakar kayanta, ta ajiye jakar a bakin ƙofa ba ta shigar da ita ba, ta bar Auta ta ɗauka.

Shekarun baya

Ta ci gaba da aiki a cibiyar, tana koya wa sababbin matasa aikin bincike, tana kuma magana a taron iyaye, murya ƙasa-ƙasa kamar yadda ta saba. Ta sake haihuwa a 2019 da 2021. Magani dai har ƙarshe Dogo ke aunawa ko Yaya, ita ce ke ba wa yaran a baki.

Rasuwa

A farkon 2025 ciwon zuciyarta ya tsananta, ta kwanta a gida. 'Yar farinta, wadda a lokacin ba ta cika shekara tara ba, ita ke kai mata abinci. Takan ajiye cokali kusa da hannun mahaifiyarta, ta ce, "Umma, in taimaka miki?" sannan ta zauna ta jira. Kullum Auta girgiza kai take yi, ta ci da kanta komai daɗewar da za ta yi. A ranarta ta ƙarshe ne ta dubi yarinyar ta ce mata to.

Allah Ya yi mata rasuwa da yammacin ranar, tana da shekara talatin da shida. Aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta, abokan bincikenta da iyayen yaran cibiyar suka cika ƙofar gidan. Ta rasu ta bar mijinta da 'ya'ya uku: 'yar farinta, da namijin da ke bi mata, da ƙaramarsu wadda ita ma yanzu ake kira Auta. Dukkansu a hannunta suka tashi. Allah Ya jiƙanta da rahama.