Geron Malam Haladu a Ɗakin Haya

Duk wanda ya san Malam Haladu ya san ba ya gaisawa da kowa da safe sai ya fara duba bango. Wallahi ba ƙari na yi ba! Zai ɗora tafin hannu, ya shinshina, ya ce, "To, yau da sauƙi," ko kuwa, "Kai, jiki ya rikice." Ni taubashinsa ne, na sha tsokanarsa a kan haka, ko a jikinsa.

Shekarar da ruwa ya yi yawa ne, ya rushe masa gida, ya cinye gona, sai Haladu ya ɗauki matarsa Asabe suka kama ɗakin haya a bayan kasuwar Tsanyawa. Abin da ya tsira da shi dami ɗaya ne na gero, irin da ya gada a wurin mahaifinsa. Shi ne na shukar baɗi, in ya lalace kuwa shi ke nan. Ɗakin kuma, Allah ya kiyaye! Bango na tsattsafo da ruwa, tabarma ta yi fumfuna, har takalminsa sai da ya yi gemu.

Ya kai kuka wurin mai gidan, Alhaji Sabo, shi kuwa ya ce ɗakinsa lafiya lau. Haladu bai yi musu ba. Ran Juma'a Alhaji ya sha farar shadda, sai Haladu ya tare shi, ya ja shi ciki, ya shimfiɗa masa tabarma a jikin bango.

"Jingina, Alhaji, ai gidanka ne."

Ya shiga jero gaisuwa: ina iyali, ina shanu, yaya ƙafar nan ta bara. Ko da Alhaji ya miƙe, bayan riga ya yi kore shar.

"Haladu, mene ne wannan?"

"Lafiyar ɗakin ce ta biyo ka, Alhaji."

Washegari aka gyara indararo.

Amma danshi bai tafi ba. Sai ya bi masu ƙosai yana roƙon toka, ya zuba a gindin bango, ya haƙa wa ruwa hanya a bayan ɗaki. Damin kuwa ya ɗora shi a kan gado, ya lulluɓe da bargonsa. Asabe ta riƙe baki.

"Malam, gero a gado, mu a ƙasa?"

"Ke in kin jiƙe kya bushe. Shi fa?"

Rana kuwa ba ta isa ta leƙo ba. Muna zaune a wurin suna, an kawo tuwo ke nan, sai mutumin ya zabura, "Ta fito!" Ya bar hula, ya sheƙa gida shanyar gero. Mai jego har aike ta yi a tambaya ko gobara ce.

Da yunwa ta matsa na leƙa su, na tarar Asabe na dafa zallar rama, ba ko garin kwaɗawa. Raina ya ɓaci.

"Haba Haladu! Sussuka ko kwano ɗaya mana."

"Mu cinye baɗi tun bana?"

Ya faɗa da dariya, amma ya kau da kai. Daga baya Asabe ta gaya min rabonsa yake tura mata, ya ce ya ci a waje. Na ji tausayinsa har cikin raina, ranar ban iya tsokana ba.

Ruwan shuka na sauka ya kwance damin a ƙofar ɗaki. Jama'a, ko zangarniya ɗaya ba ta yi baƙi ba! A lokacin gidaje da yawa ba su da ƙwayar iri. Ya shiga rabo, kowa da ɗan nasa a hula.

Na ce, "Duk wahalar nan don ka rabar?"

"To ni kaɗai zan ci tuwo, ku zo ku zuba min ido? Ai sai ku shaƙe ni!"

Gero ya yi kyau a shekarar, amma Haladu bai ga girbi ba. Geron na fitar da kai zazzaɓi ya ɗauke Haladu. Mu muka yanke wa Asabe gonar, kuma kowane gida da ya karɓi iri sai da ya kai mata dami.

Allah ya jiƙan Haladu, ya yafe masa kurakuransa. Yadda ya ciyar da mu, Allah ya ciyar da shi a Aljanna.