Bakan da Baba ya ja: daga Woolwich zuwa Croydon

Woolwich

Ina idar da sallar asuba na saɓa jakar bakana na fito, gari duhu, sanyin Disamba yana cizon kunne. Hajara, mai ɗakina, ta leƙo daga ƙofar flat tana ƙudundune da bargo.

"Abban Amira, don Allah yau ka rabu da tsohon bakan nan. Ka ba masu shagon shi su rage maka kuɗin sabo, kafin ya fashe maka a ido."

Gaskiyarta. Bakan nan irin na Turawa ne mai 'yan tayoyi biyu a sama da ƙasa, na farauta. Na saye shi kwance a hannun wani abokin aiki, shekarar da na zo ƙasar nan kaɗaici yana neman kashe ni. A nan doka ta hana farauta da baka, don haka ko ɓera bai taɓa kashewa a hannuna ba, sai takardar auna hari a kulob ɗinmu ranar Asabar. Kwanan baya ne na ga wata 'yar tsaga kamar silin gashi a reshensa na sama. Na yi booking da wani shagon bakuna a bayan Croydon: ko dai a gyara, ko in bar musu shi in ɗauki sabo.

A tashar jirgin ƙasa mai duba tikiti ya dubi jakar ya ce, "Garaya ce irin taku?" Na ce baka ne. Ya yi dariya, ya zaci wasa nake, ya buɗe mini hanya.

Deptford

Nan Alhaji Awudu ya shigo, aminina ɗan zangon Kumasi mai shagon kayan miya. Bai san komai game da harbi ba, rakiya ce kawai da son surutu. Ya zo da koko a fulas da ƙosai mai ɗumi a leda.

"Malam Sani, jaka naka ya fi ka tsawo! Mata naka ya yarda ka saya sabo?"

"Ita ta koro ni ma."

"To mene ne damuwa? Ka ba su tsoho, shi ke nan."

Sai na ba shi labarin da ban cika bayarwa ba. Mahaifina maharbi ne a ƙasar Ningi, tun ina yaro nake riƙe masa kwari. Da ya tsufa, yanar ido ta rufe masa gani, na kawo shi Landan aka yi masa aiki. Ana cire masa bandeji ya hangi bakan a jikin bango ya ce, "Kai Sani, wannan baka ne ko keke?" To maharban wajenmu suna da al'ada: in aka miƙa maka bakan wani, kakan ja tsirkiyar ba kibiya ka saki, ka saurari kukanta. Gaisuwa ce ga bakan da mai shi. Irin wannan baka kuwa, abin da ya fi tsana ke nan, domin duk ƙarfin da ya kamata ya bi kibiya cikin jikinsa yake komawa. Ina kicin ina haɗa masa shayi na ji ƙara, tas! Na fito a guje, tsirkiya ta zame daga taya, Baba yana tsaye kunya ta rufe shi.

"Bakanku ba ya amsa gaisuwa," in ji shi.

Na ce ba komai Baba. Aka mayar da tsirkiya, na ci gaba da harbina shekaru. Shi kuwa ya koma gida, damina biyu bayan nan Allah ya karɓi abinsa. Wallahi har yau ban manta fuskarsa a falon nan ba.

Alhaji Awudu ya ƙara mini koko.

London Bridge zuwa Croydon

Jirginmu na farko an yi cancel, muka tsaya muna rawar ɗari har na biyu ya zo. Gari ya waye mana a hanya, bayan gidaje da 'yan lambunansu suna wucewa a jiƙe. A Croydon muka ratsa ta kusa da babban ofishin shige da fice, Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce, "Wannan gida ya sha hawaye namu." Muka hau tram, ɗan jirgin cikin gari, har inda gidaje suka fara ƙarewa, muka taka sauran da ƙafa.

Shagon

Mai shagon wani dattijon Bature ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a wuya. Ya fara miƙo mini sabon baka in gwada. Kai jama'a! Ba nauyi, ba ƙara, kibiya uku suka kwanta wuri ɗaya kamar an dasa. Raina ya biya, ba zan ɓoye ba.

Sannan ya ɗora nawa a tebur, ya haska tsagar da fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Ba ya gyaruwa, an daina ƙera reshensa tuntuni. Kada ka sake jan sa, zai iya tarwatsewa a fuskarka." Ya ɗago. "An taɓa sakin sa ba kibiya, ko? Da daɗewa. Daga nan tsagar ta faro, a hankali take tafiya."

Na ce haka ne.

"Wanda ya yi, har ƙarshe ya ja shi. Rabin ja ba ya yin wannan. Samari da yawa suna shigowa nan ba sa iya kai irinsa gefen baki. Ƙato ne?"

Baba a lokacin ya haura saba'in, ya rame, sai na riƙe masa hannu yake hawa bene. Ni duk shekarun nan na ɗauka ɗan taɓawa ya yi. Ashe ina can ina zuba sukari, tsohon nan ya miƙe ya cika bakan kamar yana dajin Ningi. Na ci gaba da kallon tsagar. Alhaji ne ya amsa wa Baturen da Turanci, ya ce, "Babansa ne. Maharbi."

Baturen ya ce zai karɓi bakan ya rage mini farashi, tayoyin za su yi masa amfani, sauran a jefar. Na ce a'a. A duk ƙasar nan babu inda hannun mahaifina ya bar alama sai jikin wannan tsaga. Na roƙe shi ya sa bakan a injin matsewa ya cire tsirkiyar, ya huta. Yana kwancewa na juya baya, don na san daga yau ya daina zama abin harbi. Sabon kuwa na biya na ce a ajiye mini.

Gida

Muka dawo ta hanyar da muka bi, Alhaji ya sauka a Deptford don buɗe shago. Na iso Woolwich bayan azahar. Hajara ta buɗe jaka ta ga tsohon kwance ba tsirkiya.

"Ikon Allah! Ina sabon?"

"Na saya. Asabar mai zuwa zan koma in ɗauko."

"Ka je har can ka baro shi?"

"Ban so su hau jirgi ɗaya ba."

Ta dube ni, ta je ta ɗauko guduma da ƙusa, mu rataye tsohon a bango.

Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Alhaji Awudu da kokonsa. Wanda ya karanta wannan, ya sa Baba a addu'a.