Ranar da Na Yi wa Baba Tafinta a Kumasi

Mun tashi da asuba daga Salaga, ni da Baba. Ciwon bayansa ne ya fito da mu. In yana zaune lafiya lau, amma da ya miƙe ya ɗan taka sai ƙafafunsa su yi nauyi, sai ya sunkuya kafin ya ji sauƙi. Masallacin da ke bakin layinmu ma ya gagare shi zuwa, abin da ya fi damunsa ke nan.

A Makango muka shiga jirgin fito don tsallake tafki zuwa Yeji. Baba ya jingina da ƙarfen jirgi a sunkuye, har wani ya tambaye shi ko kifi yake nema a ruwan. A Yeji na sayi soyayyen kifi, tsadarsa kamar ba daga tafkin nan aka kamo shi ba. Daga Atebubu zuwa Ejura doya ce jibge a gefen titi, ramuka kuwa kowanne sai da bayan Baba ya gaisa da shi. Ni kuma hankalina yana kan shagona na kayan babur da na rufe.

Mun sauka a Zangon Kumasi gidan Goggo, ƙanwar Baba. Unguwar tana nan da cunkosonta, Hausa da Tiwi, yaren Asante, da Turanci duk a baki ɗaya. Goggo ta ajiye mana wake da shinkafa da yaji, tana yi wa yayanta tsiya wai tsufa ne kawai ya ƙi yarda.

Washegari muka je asibiti wajen unguwar Bantama. Likita ya duba hoton bayan, ya ce hanyar da jijiyoyi ke bi a ƙasan ƙashin baya ce ta matse. Ba ya jin Hausa, sai ya yi bayani da Tiwi, ni ina fassara wa Baba. Ya ce hanya biyu ce. Ko a fara da magani da motsa jiki, wasu suna samun sauƙi, wasu ba sa samu. Ko a yi aiki a buɗe wurin, yakan taimaka wa tafiya, amma yana da haɗarinsa, kuma sai an yi jinya. Ya ce mai ciwon ne zai zaɓa.

A nan na yi abin kunyar. Da na ji jinya, shagona na tuna, don na san ni zan zauna. Na juya na ce wa Baba likita ya ce magani da motsa jiki kawai. Maganar aiki na haɗiye ta. Baba ya gyaɗa kai, muka fito.

A bakin ƙofa wata 'yar Asante tana gasa ayaba. Baba ya zauna a bencinta ya huta. Sai na ji ya buɗe baki da Tiwi, yana tsokanarta wai ayabarta ta fi shi tsufa. Ta yi dariya har ta ƙara masa gyaɗa. Na manta sarai cewa Baba ya yi fataucin goro a garin nan tun ba a haife ni ba.

Ya miƙo mini ayaba, na kasa karɓa.

"Baba, ashe ka ji."

"Na ji. Ni ma da motsa jikin zan fara. Amma bayan nawa ne, da ka bar ni na faɗa da bakina."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Muka koma ciki, ya yi wa likita tambayoyinsa da kansa, ni ina tsaye riƙe da sandarsa. An ce in ƙafa ta ƙara mutuwa ko fitsari ya ƙi riƙuwa, mu dawo nan take. In kuma sauƙi bai samu ba, Baba ya ce a yi aikin.

Mun dawo Salaga lafiya. Na nemi gafararsa a jirgin fito, ya ce ya yafe, in sayo kifi. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, na raka mahaifina neman lafiya ina lissafin kaina. Na riga na gaya wa maƙwabcina, ranar da Baba ya ce a yi aikin, ga mabuɗin shagon, ya kula mini da shi.