Daga Falwaya Zuwa Falwaya

Shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, ita ce shekarar da na fara fita gudun safe. Ba sha'awa ce ta fitar da ni ba. Ni tela ne, shagona yana Fagge, kuma zaman keke ya riga ya cinye mini baya. Tumbi ya fito, idan na sunkuya ɗaukar allura sai in ji jini ya taru mini a goshi. Wani tsohon soja a layinmu da muke kira Saje shi ya tara mu: teloli, mai gyaran rediyo, wani direba, wani mai wanki da guga. Da an idar da sallar asuba sai mu sa kambas, ya busa usur, mu miƙa titin da ya shiga Sabon Gari, mu zagaya ta bayan kasuwa mu dawo. Kowa da ɗan sandansa a hannu saboda karnuka, don mu mutanen Fagge ba mu iya kare ba, su ma karnukan sun san haka.

A cikinmu akwai mutum ɗaya da ba ɗan Fagge ba. Ibo ne, haifaffen Sabon Gari, mai gyaran keken ɗinki, kowa Oga yake ce masa. Ya girme ni, Hausarsa kuwa idan yana bayan labule ba za ka ce ba Bakano ba ne. Shi yake gyara mini keke tun ina koyon ɗinki. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa. Likita ya ce hawan jini ne, ko dai ya riƙa motsa jiki kullum ya rage ƙiba, ko kuwa faɗuwa ta gaba ba lallai ya tashi ba. Ya kuma gargaɗe shi kada ya matsa wa zuciyarsa. Shi kaɗai ba ya iya fita. Da bakinsa ya faɗa mini cewa in dai bai san ana jiransa ba, katifa ba ta sakinsa. Shi ya sa ya manne mana.

Nasa gudun daban ne. Daga wannan falwayar lantarki zuwa ta gaba ya yi 'yar sassarfa, daga ita zuwa ta gaba ya taka a hankali, hannu a ƙugu, yana gaisawa da duk wanda ya gani. Da yake ya san ba zai iya jerawa da mu ba, sai ya tsaya a bakin titin unguwarsu, da ya jiyo usur ɗin Saje daga nesa ya kama hanya a gabanmu. Mukan cim masa wajen kasuwa, mu wuce shi, mu dawo Fagge wurin mai shayi mu zauna jiransa. Sai mun kusa shanye kofi yake ƙarasowa, rigarsa jagab da gumi.

"Sannu da tafiya, Oga," in ce masa. "Ya ka baro mutanen gida?"

"Malam Tela, tumbinka ma ya riga ka isowa, ban ce komai ba."

A kwashe da dariya, mai shayi ya miƙo masa nasa ba sukari.

Da a nan abin ya tsaya da babu laifi. Amma ni mutum ne mai baki, Allah ya yafe mini. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma abu ɗaya da aka taɓa tafa mini a kansa a makarantar shi ne tsere. Sai na riƙe gudu kamar gadon gidanmu. Kullum a kan bencin mai shayi ina kafa hujja cewa gudu gudu ne, tafiya tafiya ce, wanda ya taka a tsakiya ya karya, kamar mai azumin da ya kurɓi ruwa da rana ya ce zai ci gaba.

"To kai," in ji Oga, "idan ka tsayar da keke ka sa zare, ka daina zama tela ke nan?"

"Ai ba rabin yini nake sa zare ba."

"Ni na san kekenka. Rabin yini yana wurina."

Lokacin sababbin 'yan siyasa sun fito, kowa yana neman inda zai nuna alheri a gan shi. Wani sabon kansila ya gan mu wata safiya muna haki a titi, sai ya aiko mana da bandir ɗin yadi ja, mai laushi irin na rigar 'yan ƙwallo, wai a ɗinka mana singileti iri ɗaya. Saje ya danƙa mini. Na gwada kowa, har da Oga. Ina tuna yadda ya ɗaga hannuwa sama ina zagaya masa tef a ciki, yana cewa in bar masa wuri, don likita ya ce zai rame amma shi bai ga alama ba.

Yadin ya isa har da saura. Ba zan laƙa wa yadi laifi ba. Ranar rabo na miƙa wa kowa tasa, aka zo kan Oga hannuna babu komai.

"Tawa fa?"

"Rigar 'yan gudu ce," na ce. "Ranar da ka zagayo ba ka taka ba, ka zo ka karɓa."

Na san likita ya hana shi gudu ba tsayawa, shi ma ya san na sani. Saje ya sosa ƙeya ya kalli titi. Wani ya fara dariya, ya ga ba wanda ya taya shi, ya haɗiye ta. Na jira Oga ya rama kamar yadda ya saba, in samu abin mayarwa. Bai rama ba. Ya ajiye kofinsa da sauran shayi a ciki, ya ce, "To, Malam Tela," ya tafi.

Washegari muka fito jajir, kowa da sabuwar riga. Oga ba ya bakin titi. Na ga wurin tsayawarsa wayam, maimakon jikina ya yi sanyi sai na ce wa jama'a yau ba mai jan mu baya, a buɗe wuta. Na shige gaba, sauran suka biyo.

Wanda bai zauna a nan a shekarun nan ba sai an yi masa bayani. Tsakanin Fagge da Sabon Gari titi ne kawai, muna cin kasuwa ɗaya, amma kowane ɓangare da kunne ɗaya a buɗe yake barci. An sha ganin tashin hankali, ga zaɓe bai daɗe da wucewa ba, jita-jita ba ta ƙarewa. A wurin nan babba ba ya gudu a titi sai da dalili. To ga ƙarti sun ɓullo daga Fagge da sassafe, riguna ja iri ɗaya, sanduna a hannu, ana busa usur, suna gudu ba waiwaye.

Wata mata ce ta fara kurma ihu da yaren Ibo. Sai na ji ƙofofin ƙarfe suna rufuwa, garam, garam, ɗaya bayan ɗaya. Masu buɗe shago suka mayar da kwaɗo. 'Yan acaɓa suka yi kwana a tsakiyar titi. Iyaye mata suna fizgar 'ya'yansu masu kayan makaranta suna cusa su cikin gida. Mu kuwa, da muka ga mutane suna watsewa, sai muka ɗauka wani abu ne ya biyo mu a baya, muka ƙara wuta. Saje ne kaɗai ya gane, ya dinga busa usur don mu tsaya, kowace busa tana ƙara firgita unguwa.

Akwai wata Madam mai ƙosai a kwanar da muke bi kullum. Ta zabura za ta gudu, zaninta ya ja kaskon, tafasasshen mai ya kwarara mata a ƙafa. Ihunta ne ya tsayar da ni. Ina ɗaga kai na ga samari sun cika bakin layi da katakai da kwalabe, sun tare gaba. Muka tsaya cirko-cirko muna haki, ba mai iya haɗa kalma biyu. Na buɗe baki in ce motsa jiki ne, numfashi ya hana.

Sai ga Oga ya fito daga wani lungu, ɗaure da zani, asawaki a baki. Takowa yake yi, bai ko ɗaga ƙafa ba. Ya ratsa samarin ya shiga tsakani, ya yi musu magana da ƙarfi da yarensu yana nuna tumbina. Na ji wani a cikinsu ya yi tsaki, wani ya sauke katakonsa. Sannan ya juyo wurinmu.

"Ku zubar da sandunan nan. Saje, sa wannan abin a aljihu. Yanzu ku taka. A hankali, hannu a ƙugu, yadda kuke yi mini dariya. Duk wanda ya ƙara gudu ba ruwana."

Biyu daga cikinmu suka tsaya aka kai Madam asibiti. Sauran muka tako har Fagge, hannu a ƙugu, mutane suna leƙenmu ta taga. Ban taɓa yin tafiya mai nisan wannan ba.

Daga baya ne mai gyaran rediyo ya jiyo yadda abin yake. Ashe ta hanyar Oga mutanen layin suka san mu. Kullum shi yake fara wucewa yana gaishe su, sai su ce ga Oga nan, mahaukatansa suna tafe. Ranar ba su gan shi ba, riguna kuma sun sauya mana kama. Shi kansa bai san yana yi mana wannan aikin ba.

Ƙungiya ba ta ƙara haɗuwa yadda take ba. Saje ya koma wani fili yana zagayawa shi kaɗai, sauran kowa ya samu uzuri. Jajayen rigunan suka koma na shan iska a tsakar gida. Ƙafar Madam ta warke amma tabon bai tafi ba, na yi shekaru ina wucewa ina ganinsa, ina gaishe ta tana amsawa a taƙaice. Wannan nawa ne, ba na neman a rage mini.

Abin da ya fi damuna shi ne Oga ya daina fita. Na haɗu da matarsa a kasuwa ta ce mini sai rana ta take yake tashi, ƙafafunsa sun fara kumbura, ta yi magana har ta gaji. Ba ta zarge ni ba. Ina jin bai faɗa mata ba.

Na koma shago na ciro sauran yadin na ɗinka rigar a kan awonsa. Na same shi a rumfa ya sunkuya kan wani keke yana zuba masa mai. Na ajiye ta a gabansa. Ya ɗaga ta da yatsu biyu.

"Ai ban zagayo ba."

"Na sani."

"To ta mece ce?"

Na shirya magana mai tsawo tun daga Fagge, duk ta gudu. Na ce, "Gobe ina bakin titi. Ba usur, ba sanda."

"Da wannan jar? So kake a ƙarasa mu?" Ya ninke ta ya tura ƙarƙashin teburi inda yake ajiye tsummokaran goge mai. "Ina da aiki, Malam Tela."

Da asuba na je na tsaya inda yake tsayawa. Gari ya waye, masu shara suka fito, Madam ta hura wuta tana kallona. Ƙafafuna suka yi tsami. Har na fara tunanin komawa, sai ga shi, da tsohuwar rigarsa, fuska a kumbure da barci. Bai gaishe ni ba. Ya nuna falwayar gaba da haɓa, muka ɗaga.

A nan na gane abin da ban sani ba. Tsayawa ba ita ce wahalar ba. Wahalar ita ce idan ka taka jiki ya ji daɗi, ka iso falwaya ta gaba, dole ka sake ɗagawa, ba mai busa maka usur, ba mai kallo. Ka yi haka, ka sake yi, har ka zagayo kasuwa. Shi abin da yake yi ke nan kullum ina kiransa matafiyi.

Mun yi shekaru a haka, mu biyu. Ya rame kamar yadda likita ya ce, bai ƙara faɗuwa ba har 'ya'yansa suka mayar da shi garinsu ya huta. Rigar ban taɓa ganinta a jikinsa ba, ban kuma tambaya ba. Yanzu gwiwoyina sun lalace, ko na so in zarce ba zan iya ba. Samari masu waya a kunne suna wuce ni suna cewa, "Baba, sannu da tafiya." Nakan amsa, don na gaji da musun nan tuntuni.

Amma safiyar farkon nan ita ta fi zama mini a rai. Muna isa falwayar farko ƙafata ta ƙi tsayawa, tsohon hali, na zarce na bar shi a baya. Sai na ji muryarsa, yana haki.

"Taka, Malam Tela. Ba wanda ya biyo ka."

Na taka, na jira ya iso.